Rumbunan bayanan bakod da kayan wasan da ake tarawa

Bakod shi ne zanen layuka baƙi da fari da ake bugawa a jikin kwalin kaya, da lambobi a ƙasansa. An fara amfani da shi a kanti a watan Yunin 1974 a garin Troy na jihar Ohio a Amurka. Iri biyu suka fi yawa: UPC mai lambobi 12 da EAN mai 13. Ƙungiyar GS1, mai hedkwata a Brussels, ita ke raba wa kamfanoni lambobin farko.

A intanet akwai shafuka irin su UPCitemdb da Barcode Lookup, inda mutum zai saka lamba ya ga sunan kaya da hotonsa. Masu tara motocin wasa da 'yan tsana sukan dogara da su wajen rubuta abin da suka mallaka. Amfaninsu yana da iyaka.

Tushen matsalar shi ne an ƙirƙiro bakod domin mai kanti ya san farashi da yawan hajarsa, ba domin mai tarawa ba. Kamfanin Mattel yakan sa lamba guda a kan motocin Hot Wheels masu yawa da suka zo a kwali ɗaya, tunda kuɗinsu ɗaya ne. Haka 'yan tsanan kamfanin Funko: nau'in da ke da wuyar samu yakan zo da lambar na gama-gari, alhali a wurin masu tarawa tazarar farashinsu babba ce. Bambancin launi, taya ko shekarar fitowa, wanda shi ne duk abin da mai tarawa ke nema, lambar ba ta san da shi ba.

Su kansu shafukan ba na GS1 ba ne. Yawancin bayanansu daga tallan 'yan kasuwa da gudummawar masu amfani suke, don haka kuskuren mutum ɗaya yakan bazu. Kafin 2019 ma dokar GS1 ta yarda kamfani ya sake ba wani kaya tsohuwar lamba bayan wasu shekaru. Kayan da aka yi kafin bakod ya yaɗu kuwa ba su da ita sam.

Akwai kuma rashin fahimta game da lambobi uku na farko. 628 na Saudiyya ne, 615 na Najeriya, 690 zuwa 699 na Sin, amma suna nuna inda kamfani ya yi rajista ne kawai, ba inda aka ƙera kaya ba. Kuma lamba ba ta tabbatar da asali, domin mai yin jabu yana kwafe ta tare da kwalin.

Shi ya sa gogaggun masu tarawa suka fi riƙe lambar samfuri ta kamfani, kamar lambar da ke kan kowane kwalin kayan wasan Lego ko rubutun da ke ƙarƙashin motar wasa, su gwada ta da kundaye na musamman irin su Brickset da BrickLink na kayan Lego. Wanda ke son sanin kamfanin da ya mallaki wata lamba zai iya duba shafin Verified by GS1.