Waiwaye: Tuba da Kafara a Wurin Kirista, da Tambayar da Ake Yi a Zuru

Tun da gwamnatin Bello Matawalle ta shiga sulhu da 'yan bindiga a Zamfara a 2019, kalmar "tubabbu" ta cika bakin jama'a daga Gusau har Kabi. A ƙasar Zuru, inda Dakarkari da dama Kirista ne, zancen ya shiga majami'a. Bayan an tashi sujada, sai ka ji tsohuwa ta tare fasto: "Baba, wanda ya kora mana shanu, in ya ce ya tuba, shi ke nan?" Tambayar nan ta girmi Zamfara nesa ba kusa ba.

Tushenta yana cikin Littafin Firistoci sura 16, a Littafi Mai Tsarki. Sau ɗaya a shekara, a Ranar Kafara, ana kawo wa babban firist bunsuru biyu. Ya yanka ɗaya, ya ɗora hannuwansa a kan ɗayan yana furta laifofin jama'a, sannan a kora shi jeji. Hadaya ta tsaya da Romawa suka rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70, amma Kirista suna riƙe da cewa mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye ita ce hadayar ƙarshe, sau ɗaya tak. A nan ne maƙwabta kan yi wa juna gurguwar fahimta. Musulmi ya san kaffara da abin da shi zai yi, azumin wata biyu a jere ko ciyar da miskinai sittin. A wurin Kirista kuwa an riga an yi masa kafarar, abin da ya rage masa tuba ne.

To, wace irin tuba? Rigimar ta ɓarke a shekara ta 250, da Sarkin Roma Desiyus ya umarci kowa ya yi hadaya ga allolin daular, ya karɓi takardar shaida. Waɗansu sun ƙi, aka kashe su. Da yawa sun yi. Da ƙura ta lafa, waɗanda suka yi hadayar suka dawo suna neman a karɓe su, a gaban marayu da zawarawan waɗanda suka ƙi. Wani limami a Roma, Nobatiyan, ya ce ƙofa ta rufe. Sifiriyan, bishop na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya ce a karɓe su, amma sai bayan doguwar tuba a bainar jama'a. Ra'ayinsa ne ya rinjaya. Tubar ta ƙarnonin da suka biyo ba wasa ba ce: tsumma da toka, shekaru ba cin Jibin Ubangiji (gurasa da ruwan inabin tunawa da mutuwar Almasihu), kuma sau ɗaya ake ba mutum damar a rayuwarsa. Shi ya sa masu wayo suka riƙa ɗage ta sai sun ji ƙamshin mutuwa. Tokar da ake shafa wa 'yan Katolika a goshi ranar Larabar da ake fara azumin kwana arba'in, ragowar wannan al'ada ce.

Sauƙi ya zo daga sufayen ƙasar Ailan wajen ƙarni na 6, masu furta zunubi a asirce gaban limami, ko sau nawa ne. A 1215 babban taron shugabannin ikilisiya na Lateran, a Roma, ya wajabta hakan aƙalla sau ɗaya a shekara. Daga baya kuɗi ya shigo, aka riƙa sayar da takardun rangwamen hukunci, har wani limami, Martin Luta, ya yi tsaye a Jamus a 1517, abin da ya haifar da reshen Furotesta. Batu na farko cikin batutuwansa 95 kan tuba ne: dukan rayuwar mai bi ita ce tubar. Katolika suka mayar da martani a taron Tirent a 1551, suka tsaya kan abu uku, nadama, furci da gyaran ɓarna.

Duka rassan biyu, Katolika da Furotesta, suna nan a Zuru. Ɗan Katolika, wanda ke ƙarƙashin dayosis (yankin bishop) ɗin Kontagora, yana zuwa gaban fada, wato limaminsu, ya furta zunubi. Ɗan majami'ar Furotesta irin su UMCA ko ECWA yana cewa shi da Allahnsa, ba mai shiga tsakani sai Almasihu. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, waɗannan na biyun ne suka fi kama da Sifiriyan a aikace. In laifi ya fito fili, dattawan ikilisiya su sa mutum horo, ya koma bencin baya, a hana shi Jibi na wasu watanni, sannan a sanar da dawowarsa gaban kowa.

Tsohuwar nan mai shanu kuwa, fasto mai hankali Luka 19 zai buɗe mata. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ya tsaya gaban Yesu ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda kuma ya zalunta zai mayar masa riɓi huɗu. Sai da ya faɗi adadin, sannan aka ce ceto ya sauka a gidansa.