Dodon Koɗin Ruwa Da Dokar Tantance Illar Aiki Ga Muhalli

A Kano, da zarar an ambaci dodon koɗin ruwa, tsargiya ce ke faɗo wa mutum a rai. Amma masu ɗaukar cutar 'yan kaɗan ne: Bulinus mai kawo fitsarin jini, da Biomphalaria mai kawo ta hanji. Akwai wasu masu murfi a bakin ƙwarya, masu numfashi a ruwa kamar kifi, suna kankare gansakuka. Daga cikinsu akwai Gabbiella tchadiensis na yankin Tafkin Chadi, wanda ke cikin haɗarin ƙarewa. Ruwan Challawa da Kogin Kano can ya nufa, ta Haɗeja da Komadugu Yobe, don haka abin da muka zuba a nan bai tsaya nan ba.

Dokar da ta fi shafar wannan dodon koɗi ba ta ambaci sunansa ba. Mazauninsa take karewa. Ita ce dokar tantance illar aiki ga muhalli, mai lamba 86 ta 1992. Ta hana soma aikin da zai yi wa muhalli babbar illa sai an yi bincike, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta amince. Binciken dole ne ga madatsar da faɗin ruwanta ya kai hekta 200, da busar da fadama mai hekta 100, da noman rani mai hekta 5,000.

Mai aikin zai yi rajista, ya ɗauki masana su ƙirga halittun wurin, a baje rahoton kwana 21 na aiki don jama'a su yi ƙorafi, sannan kwamiti ya duba. A wajen ƙirgar ake yawan tafka kuskure. Wanda ya je da rani kawai zai iske busasshen taɓo ya rubuta babu komai, alhali wasu dodon koɗin sun nutse cikin laka suna jiran damina. Sai an je rani da damina, an tace laka da rariya, an kai ƙwaryar ga wanda ya san bambancinsu, domin wasu ba su kai ƙwayar wake ba.

Abin da ya sa talakan Kano ya kamata ya damu shi ne, idan aka tare ruwa ya daina gudu, ko dattin majemu da masana'antun Sharaɗa da Bompai ya cinye iskar cikinsa, mai murfi ke fara mutuwa. Bulinus kuwa yana leƙowa ya shaƙi iska, ruwa mai kwanciya ma ya fi masa daɗi. Maganin feshi niclosamide, na kashe dodon koɗi, ba ya zaɓe, har kifi yake kashewa.

Hukuncin dai ya yi sauƙi: mutum tarar naira 100,000 ko ɗaurin shekara biyar, kamfani daga naira 50,000 zuwa miliyan ɗaya. Kuɗin 1992 ke nan, yau ko buhunan siminti na kirki ba za su saya ba.

Kududdufin unguwa da ake cikewa a yanka filaye bai kai hekta 100 ba. Mai ƙorafi a kansa sai ya nufi NESREA, hukumar tarayya mai tilasta bin dokokin muhalli, da ƙa'idarta ta 2009 kan fadamu da gaɓar koguna, ko Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano, da hoto da kwanan wata, tun kafin tifa ta fara juye ƙasa.