Dillali da Rarar Ciniki: Me Doka Ta Ce?

Kwana biyun nan ana ta yawo da wata magana a zaurukan WhatsApp na dillalan filaye da na motoci, wai an haramta la'ada, duk wanda aka kama ya karɓa sai gidan yari. Wannan ba gaskiya ba ne. La'ada haƙƙin dillali ce, idan ya yi aikinsa mai kaya ya hana shi, kotu na iya ƙwatar masa. Abin da doka ta hana wani abu ne daban, kuma ba yau aka hana shi ba.

A Najeriya babu wani kundi guda mai suna dokar wakilci. Ƙa'idojin sun fito ne daga hukunce-hukuncen kotunan Ingila da muka gada, ga kuma babin wakala a fiƙihu wanda kotunan Musulunci ke aiki da shi. Sun shafi dillali, lauya, mai karɓar hayar gida, yaron shago, har da ɗan'uwan da ka tura ya sayo maka taki. Masu cewa "ai ba mu yi rubutu ba" su sani, da baki ma ana ƙulla wakilci.

Bin umarnin mai kaya, kula da dukiyarsa, kada a cakuɗa kuɗinsa da naka, a kawo masa lissafi: waɗannan ba a jayayya a kansu. Inda ake kai ruwa rana shi ne rarar ciniki.

Mai gida ya ce a sayar masa da fili miliyan biyar. Dillali ya samu mai saye a miliyan shida, ya kawo biyar, ya soke ɗaya a aljihu, sannan ya miƙa hannu a ba shi la'ada. Idan ka yi masa magana sai ya ce mai fili ya samu abin da ya nema, me aka rage masa? A doka wannan miliyan ɗin ta mai fili ce. Dillali ya same ta ne da rigar wakilci, don haka ba ruwan kotu da ko mai kaya ya yi asara ko bai yi ba. Za a sa ya mayar, kuma la'adar ma tana iya salwanta. Haka idan ya karɓi na goro a ɓoye daga ɗaya ɓangaren, ko ya saye kayan da kansa da sunan ƙaninsa.

A 2014 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke wata shari'a kan haka. Kamfanin Cedar ya wakilci masu sayen otal ɗin Monte Carlo Grand a kan Yuro miliyan 211.5, ashe ya karɓi miliyan 10 daga hannun masu sayarwa. Kotu ta ce kuɗin amana ce a hannunsa, ta waɗanda suka wakilta shi. Hukuncin bai zama dole a kan alƙalanmu ba, amma suna duba irinsa.

Mafita kuwa tana da sauƙi: a faɗa. Idan mai fili ya ce "abin da ya hau biyar naka ne", ko ya san kana karɓa daga ɓangarorin biyu ya yarda, babu sauran ƙorafi a gaban kotu.

Batun ɗauri fa? Yawancin irin wannan rigima ta biyan kuɗi ce. Tana zama laifi idan an damƙa wa wakili dukiya ya ci da gangan. Sashe na 315 na kundin dokokin hukunta laifuffuka, wato Final Kod, wanda ya fara aiki a Arewa a 1960, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga dillali ko wakilin da ya ci amana, ko da yake wasu jihohi sun sake fasalin nasu kundin. Sashe na 17 na dokar hukumar yaƙi da cin hanci (ICPC) ta 2000 kuma ya sa shekara biyar ga wakili mai karɓar toshiya.

Ni dai ina ganin dokar ta yi daidai, sai dai tana da nauyi a kan ƙaramin dillali. Mutum zai yi wata guda yana yawo a rana da masu saye, ciniki ya faɗa, mai gida ya zagaye shi ya ƙulla kai tsaye. Doka ta ba shi damar kai ƙara, amma kuɗin lauya kaɗai ya fi la'adar da yake bi.