Sata da fasa gida a garuruwan Najeriya zamanin Turawa: tambayoyi da amsoshi

Jama'a assalamu alaikum. Akwai maganar da nake yawan ji a bakin mutane, wai zamanin Turawa ba a sata, ka bar ƙofarka a buɗe ka kwana lafiya. Wasu kuma cewa suke ai Bature ne ma ya kawo sata. Duk biyun ba haka abin yake ba, shi yasa na tattaro tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu in amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Shin kafin Turawa su zo babu ɓarayi ne?

Akwai mana. Kalmar ɓarawo ba Bature ne ya koya mana ita ba, kuma ga littattafan fikihu da malamanmu ke karantarwa tun kafin jihadi cike suke da babin sata da hukuncinta. Sai dai birni irin Kano ko Zariya ko Katsina yana da ganuwa, ana rufe ƙofofi da dare, baƙo idan ya shigo yana da mai masauki ko fatoma da zai tsaya masa, mai unguwa kuma ya san kusan duk wanda ke kwana a unguwarsa. Toh kaga ɓarawo a irin wannan wuri aikinsa da wuya, in ya ɗauki kaya ina zai kai su ba a gane ba?

To me ya canza da Turawa suka ci ƙasar?

Nan ne maganar take. An ci Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris na wannan shekara, kafin a yi shekara goma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, aka yanka Sabon Gari wajen 1913. Kaduna da ba komai ba ce a da ta zama hedikwatar Arewa a 1917, Jos kuma kuza ce ta tara mata jama'a. Waɗannan wurare ne da mutum zai sauka daga jirgi ba wanda ya san ubansa, ya kama ɗakin haya, ya yi dako ko leburanci kwana biyu, gobe ya sake hawa jirgi ya ɓace. Kayan da aka sace a Kano yau jibi suna kasuwa a wani gari mai nisan ɗaruruwan mil.

Abu na biyu da mutane ba su cika lura da shi ba shine kuɗin kansu. A da, kuɗin wuri ake kashewa, kuma wuri dubu ashirin, wato keso guda, kayan ƙato ne a ka, ba ka isa ka sunkuce shi ka haura katanga shiru ba. Da aka kawo anini da kobo da taro da sisi da sule, dukiyar da a da sai an nemo jaki ta koma abin da za a ƙulle a bakin zane ko a zuba a aljihun 'yar ciki. Manomi ya sayar da gyaɗarsa a kanti, an ƙirga masa sulalla a hannu a gaban jama'a, ya kutsa cikin cunkoson kasuwa ko tasha, wallahi wannan ita ce ranar ɗan sane. Yankan aljihu sana'a ce da sai da aljihu ya samu abin yanka tukuna ta yi ƙarfi.

Sannan ga haraji da aka ce lallai da tsabar kuɗi za a biya, ga bayi da dama da suka bar gidajen iyayengijinsu suka shigo gari ba gona ba jari, ga yunwar 1914 da ta koro mutane daga ƙauyuka, daga baya kuma kasuwar duniya ta karye a 1929 farashin gyaɗa ya faɗi warwas aka sallami ma'aikata. Duk lokacin da irin wannan ya faru ƙananan sace-sace sai sun ƙaru, in ɓera da sata daddawa ma da wari.

Wane irin kaya aka fi sata?

Tufafi, nesa ba kusa ba. Yau sai mutum ya yi mamaki, amma a wancan lokacin riga dukiya ce, ana jinginar da ita, ana gadonta, ana biyan bashi da ita. Turmin atamfa, akoko, alawayyo, bargo, rawani, zannuwan amarya da ke cikin adudu ko akwati. Bayan su sai kwanuka da tasoshi, awaki da kaji, hatsi a rumbu, sai sabbin kayan zamani irin su agogo da fitilar ƙwai da keken ɗinki, da kuma keke wanda shi ne babban abin taƙamar malamin ofis. A tashar jirgi da sito-sito na kamfanoni kuwa buhu ake hudawa a tsiyaye, ko dila ta yi ƙafa tsakanin tarago da kanti. A Jos kuza ake sacewa, lebura ya ɓoye kaɗan ya kai wa mai saye a ɓoye, kuma da yawan leburorin ba su ɗauke shi sata ba, gani suke ƙasarsu ce ake haƙa ana biyansu abin da bai taka kara ya karya ba.

Yaya ɓarawon dare yake shiga gida?

Ka tuna yawancin gidajen na ƙasa ne, wasu ma darni ne ko zana. Shi gwanin ɓarawo ba ya bi ta zaure inda samari ke kwance, ta baya yake zagayawa, ya zaɓi daren da babu farin wata ko wanda ake tsuga ruwan sama, saboda ruwa yana tausasa bango kuma ƙararsa a kan rufi tana haɗiye motsi. Ya tsuguna a gindin bangon ɗaki da ɗan guntun ƙarfe yana kankare ƙasa a hankali a hankali, in ta yi tauri ya yayyafa ruwa, har ya buɗe rami daidai kafaɗarsa, ya zura jiki ya laluba inda akwati yake ya miƙo wa abokinsa da ke waje. Da asuba matar gida ta farka taga haske na shigowa ta inda bai saba ba, ta duba bayan gado taga wayam. Wasu sukan shafe jiki da mai don in an cafke su su sulɓe, da yawa kuma sun yi imani da layar zana da baduhu, suna ganin su ne ke rufe idon masu gida. Gidan zana kuwa wuƙa kawai ake sawa a yanka.

A bariki da Sabon Gari inda aka fara gini da bulo da kwano salon ya bambanta, ta taga ake bi ko a ɓalle kwaɗo.

Su wa ke gadin gari a lokacin?

Kashi biyu ne, kuma wannan rabuwar ita ce zuciyar maganar gaba ɗaya. Cikin birni yana hannun sarki da En'e, dogarai ne ke kame, daga baya a shekarun 1920 aka fito da 'yan gadi da 'yan doka masu kaki da horo irin na zamani. Bariki da tasha da kantuna kuwa na 'yan sandan gwamnati ne, waɗanda aka haɗe na Arewa da na Kudu suka zama rundunar 'yan sandan Najeriya guda a 1930. Dokar garuruwa ta 1917 ta raba wuraren zama, unguwar Turawa daban, har da fili na yadi 440 da aka bari ba gini tsakaninta da inda baƙar fata ke zaune, an ce don sauro da cuta ne, amma dai ya zama katanga ta tsaro ma.

Ni abin da ke ci mini rai shine, ɗan sandan gwamnati ba don talaka aka kafa shi ba. Tun asalinsa a Legas, dakarun Hausawa da wani Baturen mulki mai suna Glover ya tara a 1863, aikinsu tsare mulki ne da kasuwancin Turawa. Saboda haka in an fasa sito na kamfani za ka ga an tashi haiƙan, in kuwa akwatin wata tsohuwa aka ɗauke a Fagge sai dai ta kai kuka wajen mai unguwa ta bar wa Allah. Shi yasa attajirai da masu kanti suka koma ɗaukar maigadi da kuɗinsu, a garuruwan Yarbawa irin su Ibadan kuma unguwanni suka riƙa sa mafarauta sintirin dare.

In an kama ɓarawo wace kotu ake kai shi, kuma ana yanke hannu?

Ya danganta da inda aka kama shi da kuma ko shi wanene. Ɗan birni gaban alƙali ake kai shi, a yi masa shari'a da fikihun Malikiyya. Amma tun farkon mulkinsa Gwamna Lugga ya hana yanke hannu da duk hukuncin da Turawa suka kira na rashin tausayi, sai aka maye gurbinsa da ɗauri a gidan yari, da bulala, da tara, da biyan mai kaya. Dama can ma haddi ba a banza ake tsayar da shi ba, sai kayan sun kai nisabi, rubu'in dinari ko dirhami uku, sai an ɗauke su daga ma'ajinsu, sai an samu shaidu biyu adalai ko ɓarawon ya amsa da bakinsa.

Wanda aka kama a bariki ko tasha kuwa gaban joji zai tsaya, a yi masa hukunci da kundin laifuffuka na Turawa da aka fara aiki da shi a Arewa a 1904, aka shimfiɗa shi a duk Najeriya a 1916, wanda asalinsa daga Kwinsland ta Ostareliya aka kwafo. Wannan kundi ya bambanta sata zalla da fasa gida, kuma ya bambanta fasa gida da rana da na dare, dare a wurinsa daga ƙarfe shida da rabi na yamma ne zuwa shida da rabi na safe, kuma na dare shi ya fi nauyi ƙwarai. Kaga mutum biyu za su iya ɗaukar bargo iri ɗaya, ɗaya a shanya ɗaya a cikin ɗaki bayan magariba, hukuncinsu ya yi hannun riga. Haka aka tafi har Arewa ta samu nata kundin, Final Kod, da ya fara aiki a 1960.

Fursunoni kuma ba zaman banza suke ba, su ne masu sharar titi da yankan ciyawa a bariki da ɗebo ruwa da kwasar bahaya.

Me yasa labarin boyi da kuku ke yawan fitowa in ana maganar satar bariki?

Saboda su ne a kusa, kuma su ne marasa gata. Gidan Bature ɗaya zai iya samun kuku da boyi da ƙaramin boyi da mai wanki da mai lambu da mai doki, ga kayan gwangwani da sukari da kananzir a sito a kulle, uwargida na riƙe da makulli tana auna komai. Cokali ɗaya ya ɓata, kafin a bincika an riga an san wanda za a tuhuma. Kuma boyi rayuwarsa gaba ɗaya tana rataye ne a kan takardar shaida da maigidansa zai rubuta masa in za su rabu, in aka kore shi da sunan sata ba takarda, toh ya gama aiki a bariki kenan ko da bai ɗauka ba. Ba ina cewa duk tsarkaka ba ne, wasu sun ɗauka, wasu ma su ke ba ɓarayin waje labarin inda akwatin kuɗi yake. Amma wanda ke dafa abincin da shi bai isa ya ɗanɗana ba, albashinsa 'yan sulalla, in ya ƙulle ɗan sukari ya kai wa 'ya'yansa, ni dai ba zan haɗa shi da mai fasa bango ba.

Ina kayan satar ke zuwa?

Wajen ɓarawon zaune. Shi ba ya haura katanga, ba ya shan dukan tsiya, yana zaune a rumfarsa ko zaurensa da mutuncinsa, a kawo masa riga ta fam guda ya saya sule uku. Riga a kai ta marina a sake turata ko a farke aikin wuyanta, kayan azurfa a narkar, keke a wargaza shi a sayar da sassa, sauran kuma a cusa a jirgi zuwa wani gari. Doka ta tanadi hukunci mai tsanani ga mai karɓar kayan sata, sai dai kama shi wuya, domin sai an tabbatar ya san na sata ne, shi kuwa cewa zai yi dillanci yake.

Gaskiya ne yara ma sun shiga harkar?

Gaskiya ne, musamman a Legas. A shekarun 1930 da 1940 an yi ta kuka da yaran da ake kira jaguda, masu yankan aljihu a kasuwa da tasha, da kuma 'yan boma da ke bin sojoji da ma'aikatan jirgin ruwa lokacin yaƙin duniya na biyu, lokacin da kaya suka yi tsada komai ya yi ƙaranci. Yawancinsu yara ne da suka shigo birni ba kowa, suna kwana a rumfunan kasuwa. Wannan ne ya kai ga dokar yara da matasa ta 1943, wadda ta kawo kotun yara daban da gidajen horo, a daina cusa ɗan shekara goma sha biyu ɗaki ɗaya da riƙaƙƙun ɓarayi. A Legas aka fara aiki da ita kafin ta kai sauran yankuna.

To ita maganar "a da ana barin ƙofa a buɗe" fa, daga ina ta samo asali?

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kakanninmu ba ƙarya suke ba. A ƙauye da tsofaffin unguwannin birni inda kowa ya san kowa, kunya kaɗai ta isa tsaro, wanda aka taɓa kamawa har jikokinsa sai an goranta musu, aure ma sai ya gagare su. Kuma satar wancan lokaci yawanci ta sanɗa ce, ɓarawo gudun haɗuwa da mai gida yake, in an yi ihu "ɓarawo!" unguwa ta fito da sanduna sai ya zubar da kayan ya ranta a na kare. Wanda ya ga fashi da bindiga na bayan yaƙin basasa dole ya tuna wancan zamani kamar aljanna. Amma mazaunin Sabon Gari ko bakin tashar Kaduna a 1940 kwaɗo biyu yake sa wa ƙofarsa, akwatinsa kuma a ƙarƙashin gadon da yake kwance yake tura shi.