Waiwaye: Yadda Koci Ya Bar Filin Wasa Ya Shiga Ofisoshin Kamfanonin Fasaha

Duk mai bin labarin ƙwallo ya san koci. Yana tsaye a bakin layi, ƙafarsa ba ta taɓa ƙwallo, amma salon wasan 'yan kulob ɗin gaba ɗaya daga hannunsa yake fitowa. Manyan kamfanonin fasaha na Amurka sun ari sunan, sun ari aikin. A yau shugabannin manyan kamfanoni da yawa a Silicon Valley, cibiyar kamfanonin fasaha da ke Kalifoniya, sun taɓa zama gaban wani koci, kuma ƙananan manajoji ma ana auna su da yadda suka iya wannan aiki ga waɗanda ke ƙarƙashinsu.

Yana da kyau a fara rarrabe abin, domin ana yawan cakuɗa shi da wasu. Wanda aka ɗauko ya koyar da kwas yana zuba wa ma'aikata ilimin da ba su da shi. Ubangida a sana'a yana ba yaronsa labarin hanyar da shi ya bi, ya kuma buɗe masa ƙofofi. Koci kuwa yawancin aikinsa tambaya ce da sauraro, har sai mutum ya gano da kansa abin da ke hana shi gaba, ya ɗauki alkawarin matakin da zai taka, sannan a zama na gaba a tambaye shi ko ya cika.

Tushen wannan salo a filin tanis yake. A farkon shekarun 1970 wani mai koyar da tanis a Kalifoniya, Timothy Gallwey, ya lura cewa idan ya cika ɗalibi da umarni, ɗaga hannu, lanƙwasa gwiwa, sai wasan ɗalibin ya ƙara lalacewa. Idan kuwa ya ce masa ya zuba ido kan ƙwallon kawai ya faɗi lokacin da ta dira, sai jikinsa ya gyara da kansa. John Whitmore, wani Baturen Ingila da ya yi suna a tseren motoci, ya kai wannan tunani ga kamfanoni a shekarun 1980. Shi da abokan aikinsa suka shimfiɗa tsarin zama mai matakai huɗu da ake kira GROW, wanda har yanzu shi ake fara koya wa sababbin manajoji: me kake son cim ma, wane hali ake ciki yanzu, waɗanne hanyoyi ne a gabanka, wacce za ka bi kuma yaushe. A 1995 Thomas Leonard ya kafa ƙungiyar kociyoyi ta duniya, ICF, wadda ta zama mai ba da shaidar ƙwarewa. Matakinta na farko yana bukatar awa 60 na karatu da awa 100 na zama da mutane, na biyu awa 125 da 500, na ƙoli awa 200 da 2,500.

To amma kamfanonin fasaha ba ta wannan ƙofa abin ya fara shigar musu ba. Matsalarsu ta gida ce ta kai su. A wannan sana'a, wanda ya fi kowa iya rubuta manhaja shi ake ɗauka a ɗora kan mutum bakwai ko takwas. Jiya ana yaba masa saboda yana warware matsala cikin dare ɗaya, yau kuma aikinsa shi ne ya bar wasu su warware. Ga yadda abin ke kasancewa: ƙaramin injiniya ya zo ya ce manhajar tana tsayawa duk lokacin da masu shiga suka yi yawa. Sabon manaja ya jawo kujera, ya karɓe kwamfutar, cikin minti ashirin ya gyara. Dukansu sun tashi da murna. Mako mai zuwa yaron ya dawo da irin wannan matsala, sauran ma suka biyo layi, manaja ya koma shi ne mashigar da komai ke cunkushewa a kanta, kuma babu wanda ya koyi komai.

Andy Grove na Intel, wanda ya shugabanci kamfanin daga 1987 zuwa 1998, yana cikin waɗanda suka fara ba wannan cuta magani mai tsari. Ya dage kan zaman mutum biyu, manaja da ma'aikacinsa, a kai a kai, na aƙalla awa ɗaya. Ya ce zaman na ƙaramin ne, shi zai kawo jerin abubuwan da za a tattauna, babban kuma ya saurara ya ƙara tambaya. Dalilin awa ɗayar a fili yake: abin da ke damun mutum da gaske ba ya fitowa a minti goma na farko, sai an gama ƙananan maganganu an yi ɗan shiru. Grove ya kuma yi wani gargaɗi da mutane da yawa suka manta, cewa yawan zaman da salonsa su dogara ga yadda mutum ya goge a aikin da ke hannunsa. Sabon shiga yana bukatar a ce masa yi kaza, sannan kaza. Gogagge ne ake sakar wa igiya.

Mutumin da ya sa kalmar koci ta zauna daram a Silicon Valley kuwa koci ne na gaskiya. Bill Campbell ya horar da ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Columbia daga 1974 zuwa 1979, kuma bai yi nasara ba: ya ci wasa 12, an ci shi 41, canjaras ɗaya. Ya bar filin ya shiga harkar talla, ya yi aiki a Kodak, a 1983 aka ɗauke shi a Apple, daga baya ya shugabanci Intuit daga 1994 zuwa 1998. Da Steve Jobs ya dawo Apple a 1997 ya sa shi a kwamitin daraktocin kamfanin, inda ya zauna har 2014, kuma su biyun sun saba yin tattaki tare ranar Lahadi suna tattauna abin da ya shige wa Jobs duhu. A 2001, lokacin da Eric Schmidt ya karɓi ragamar Google, mai zuba jari John Doerr ya ba shi shawarar ya riƙa zama da Campbell. Schmidt da kansa ya sha faɗa cewa da farko abin ya ɓata masa rai, don yana ganin shi da ya riga ya shugabanci kamfani ba ya bukatar wani ya koya masa.

Abin da Campbell ya kawo ba wata falsafa ce mai zurfi ba, ƙananan al'adu ne da ake maimaitawa. Ya sa ana buɗe taron manyan ma'aikata da labarin yadda kowa ya yi hutun ƙarshen mako, domin wanda ya riga ya buɗe baki a kan abu mai sauƙi ya fi saurin magana idan an zo kan mai nauyi. Yana zama a taron ba tare da ya ce uffan ba, yana lura da wanda aka katse wa magana da wanda ya ɗaure fuska, bayan an tashi sai ya bi kowa shi kaɗai. Idan manya biyu suka saɓa, sai ya tura su su je su daidaita tsakaninsu kafin a kawo wa shugaba. Ya rasu a watan Afrilun 2016.

Sai dai labarinsa yana da ɓangaren da bai kamata a tsallake ba. Mutum ɗaya da yake jin sirrin shugabannin kamfanonin da ke gasa da juna yana riƙe da iko mai yawa, kuma babu hukumar da ke sa masa ido. A 2010 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta tilasta wa Apple da Google da Intel da Adobe da Intuit da Pixar su daina yarjejeniyar ƙin zawarcin ma'aikatan juna, wadda aka zarga da danne albashin injiniyoyi. Sunan Campbell ya fito a wasiƙun da aka gabatar a shari'ar da ma'aikata suka shigar daga baya, wadda huɗu daga cikin kamfanonin suka sasanta kan dala miliyan 415 a 2015.

Google ne ya sauko da abin daga saman bene zuwa ga manajoji na ƙasa. A farkon shekarun 2000 masu kamfanin sun taɓa cire manajojin injiniyoyi baki ɗaya, bisa tunanin cewa ba su da amfani. Watanni kaɗan aka yi aka dawo da su, domin kowa ya koma kai ƙorafin kuɗin tafiya da rigimar abokin aiki wurin Larry Page, ɗaya daga cikin masu kamfanin, kai tsaye. Wajen ƙarshen shekarun 2000 sashen kula da ma'aikata ya ƙaddamar da binciken da aka kira Project Oxygen, ya tace bayanai sama da 10,000 daga rahotannin ƙwazo da ra'ayoyin ma'aikata, ya fito da halaye takwas na manajan kirki. Na ɗaya shi ne ya zama koci nagari. Ƙwarewar fasaha, wadda injiniyoyi ke tinƙaho da ita, ita ta zo ta ƙarshe. A 2018 aka faɗaɗa jerin zuwa goma. Muhimmin abin shi ne ba a tsaya ga rubuta jerin a bango ba. An mayar da halayen tambayoyi, ma'aikata suna auna manajansu ba tare da an san sunansu ba, wanda ya samu maki kaɗan a tura shi horo. Bincike na biyu, Project Aristotle, wanda ya fara a 2012 ya duba rukunin ma'aikata 180, ya gano cewa abin da ya fi bambanta rukuni mai kyau shi ne mutum ya iya cewa na yi kuskure ko ban gane ba, ba tare da tsoron a muzanta shi ba. Farfesa Amy Edmondson ta Harvard ce ta fito da wannan batu tun 1999.

Microsoft ya nuna wani darasi, kuma a ganina shi ne mafi nauyi a tarihin nan. Shekaru da dama kamfanin yana jera ma'aikata a sikeli, dole a kowane rukuni a sami wasu da za a ce sun gaza ko da kowa ya yi ƙoƙari. A irin wannan tsari, cewa ma'aikaci ya buɗe wa manajansa rauninsa tufka da warwara ce, don da bakinsa zai ba da hujjar da za a jefa shi ƙasan jeri. An soke tsarin a Nuwamban 2013. Satya Nadella ya hau kujerar shugabancin kamfanin a Fabrairun 2014, ya ɗauki ra'ayin Carol Dweck ta Jami'ar Stanford cewa basira aba ce mai girma da koyo, daga baya aka ɗora wa kowane manaja abu uku: ya zama abin koyi, ya zama koci, ya damu da mutanensa. Adobe ya riga su tun 2012, inda ya watsar da auna ƙwazo na shekara-shekara, wanda ya ce yana cinye awa 80,000 na lokacin manajoji, ya koma gajerun zama a kai a kai.

Ga yadda aikin koci na waje yake tafiya a aikace. Galibi kwantiragin wata shida ne zuwa shekara, ana zama duk mako biyu na kusan awa ɗaya. Zaman farko na mutum uku ne, koci da wanda za a horar da shugabansa, a amince kan buri biyu ko uku, kada su wuce haka. Sannan koci ya zagaya ya ji ta bakin mutum takwas zuwa goma sha biyu, na sama da na gefe da na ƙasa, ya haɗa abin da suka faɗa ba tare da suna ba. Burin dole ya zama hali da ido ke iya gani. "Ya inganta shugabanci" ba buri ba ne. "Ya daina katse mutane a taro, ya miƙa duba manhajar sashe kaza ga wani kafin wata uku" shi ne buri. A ƙarshe a koma ga mutanen nan a tambaye su ko sun ga canji.

Wuraren da abin ke lalacewa sanannu ne. Kamfani ne ke biyan kuɗi amma sirrin na ma'aikaci ne, don haka dole a rubuta tun farko abin da koci zai iya kai wa sama, wanda yawanci bai wuce cewa ana zuwa zama kuma ana bin burin ba. Magana ɗaya ta ɓulla, shi ke nan, ba wanda zai sake buɗe cikinsa. Wasu kamfanonin kuma sai sun gama yanke shawarar korar mutum suke nemo masa koci don a ce an yi ƙoƙari, kuma ma'aikata suna ganewa, har ya zama duk wanda aka ba koci sai a fara yi masa jaje. Akwai manajan da ya dawo daga bita ya mayar da komai tambaya, har ranar da shafin kamfani ya faɗi kwastomomi suna kira yana tambayar injiniya me yake gani, alhali ranar umarni ake bukata. Akwai kuma kocin da ya ci karo da ciwon damuwa na gaske ya ci gaba da zama maimakon ya tura mutum wurin likita. Kada a manta sunan koci ba shi da lasisin gwamnati, kowa yana iya buga kati gobe.

Abin da ya faru a Uber a 2017 ya nuna iyakar lamarin. Bayan wata tsohuwar injiniya ta fallasa cin zarafin mata a watan Fabrairu, aka ɗauko tsohon Antoni Janar na Amurka Eric Holder ya yi bincike, aka kori ma'aikata sama da 20, shugaban kamfanin Travis Kalanick ya sauka a watan Yuni. Horas da manyan shugabanni yana cikin shawarwarin da aka bayar, amma ya zo ne bayan shekarun da aka yi ana kare masu laifi don suna kawo riba. Ihu bayan hari ke nan.

Daga 2013 kamfanoni irin su BetterUp da aka kafa a San Francisco, da CoachHub na Berlin da aka kafa a 2018, sun mayar da zaman ta bidiyo, har abin da a da shugaban kamfani kaɗai ke samu ya isa ga ƙaramin manaja. Amma a daidai lokacin da abin ya yaɗu sai aka fara rage masu yin sa. Meta, mai kamfanin Facebook, ya sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, Google 12,000 da Microsoft 10,000 a Janairun 2023, Meta kuma ya bayyana ƙarara cewa yana rage matakan manajoji. Lissafin mai sauƙi ne. Manajan da ke da mutum bakwai zai iya ba kowa awa ɗaya a mako, ya kashe kwana guda na aiki. Wanda aka tara wa ashirin sai ya kashe rabin makonsa, don haka zaman yake komawa na minti goma sha biyar sau ɗaya a wata, ana karanta jerin ayyukan da aka gama a tashi.