Waiwaye: Yadda likitoci suka yi ta sauya wa taurin kan yara suna

A watan Maris na 1902 wani likitan yara mai suna George Still ya tsaya a gaban takwarorinsa a Landan ya yi musu bayanin wasu yara da ya duba. Ba dolaye ba ne, wasunsu ma akwai kai. Amma ba sa zama wuri guda, ba sa jin kwaɓa, abu kaɗan ne zai tunzura su, kuma horo ba ya ratsa su: a hukunta yaro yanzu, an jima ya koma wa abin. Still ya ce abin da ya same su naƙasa ce ta kasa riƙe kai a kan ɗa'a. Sunan na da nauyi, kamar ana tuhumar yaro da lalacewa. Sai dai ya lura da wani abu da ya hana a ɗora wa iyaye laifin kai tsaye: cikinsu akwai waɗanda suka tashi a gidajen da ba a wasa da tarbiyya.

Ba shi ya fara ba. Tun 1798 likita Alexander Crichton ya yi rubutu a kan mutanen da hankalinsu ba ya tsayawa a kan abu ɗaya. Amma a bayanin Still ne aka ga kiriniya da rashin natsuwa da gardama a ƙunshe wuri guda, kuma an kusa shekara tamanin kafin a warware ƙunshin.

Annobar kumburin ƙwaƙwalwa da ta ɓulla wajajen 1917 ta karkatar da tunani. Yaran da suka tsira, waɗansu sun tashi da halin da ba nasu ba: mai sanyi ya koma fitinanne. Daga nan aka ɗauka cewa duk yaro mai irin wannan hali rauni ne a ƙwaƙwalwarsa. Da aka duba aka rasa raunin, sai aka ce ƙanƙane ne, ba ya ganuwa. Hujja ce mai zagaye kanta, amma ta yi shekaru tana tashe.

Maganin ma ba zato ba tsammani aka same shi. A 1937, a wani gidan jinyar yara a jihar Rhode Island ta Amurka, Charles Bradley ya ba yara 30 ƙwayar Benzedrine, yana neman sauƙaƙa ciwon kan da wani gwajin ƙwaƙwalwa ke haddasa musu. Ciwon kai bai tafi ba, amma kusan rabinsu karatunsu ya gyaru ƙwarai. Abin mamaki, ƙwaya mai sa kuzari ta kwantar da mai kiriniya. A 1944 wani masanin haɗa magunguna, Leandro Panizzon, ya haɗa wata ƙwayar a kamfanin Ciba, ya raɗa mata Ritalin don matarsa da ake kira Rita.

Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa da ake kira DSM, wanda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ke fitarwa, ya sa matsalar a bugunsa na 1968 a matsayin yawan motsi. Virginia Douglas ta jami'ar McGill a Kanada ce ta nuna a 1972 cewa motsin reshe ne, jijiyar tana ga kasa tsayar da hankali da kasa dakatar da kai. Bugun 1980 ya bi ta, kuma a nan ne aka ware taurin kai aka ba shi gurbinsa. A 1987 aka samu sunayen da ake amfani da su yau, ADHD (rashin natsuwa da kiriniya) da ODD (taurin kai da bijirewa). Rabuwar tana da ma'ana. Ɗaya ya ji umarni ya manta kafin ya kai ƙofa. Ɗayan ya ji sarai, ya ce ba zai yi ba. Duk da haka sukan haɗu a jikin yaro ɗaya: kusan rabin masu rashin natsuwa haɗe da kiriniya suna da taurin kan ma.

A ganina, aikin da ya fi kowanne amfani ba a asibiti aka yi shi ba. Masanin halayyar ɗan Adam Gerald Patterson da abokan aikinsa a jihar Oregon gidajen mutane suka riƙa shiga, suna zaune suna rubuta wa ya ce me, wa ya mayar da me. Abin da suka gani, wanda ya tattara a 1982, shi ne: uwa ta ce a bar abu, yaro ya yi kururuwa, ta ɗaga murya, ya fi ta, ta gaji ta ƙyale shi. Shi ya koyi cewa ihu na biya. Ita kuma ta sami sararin numfashi, gobe za ta fi saurin ƙyalewa. Idan kuwa tsawarta ce ta yi nasara, jibi sai ta ƙara ƙarfi. Babu mugu a cikinsu, kowa na horar da ɗan uwansa bai sani ba. Daga irin wannan aiki, da na wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Constance Hanf, aka gina shirye-shiryen koyar da iyaye: a yaba abin kirki nan take, a ba da umarni ɗaya gajere, hukunci ya zama ƙarami amma ba ya tashi. Har yau wannan ne matakin farko ga taurin kai, domin babu ƙwayar da aka yi musamman dominsa. Rashin natsuwa kuwa, binciken tagwaye ya nuna gado na da kaso sama da 70 cikin 100, kuma a gwajin da aka wallafa a 1999 kan yara 579, magani mai kyakkyawar kulawa ya fi horon ɗabi'a kaɗai rage alamominsa.

Bugun DSM na 2013 ya jera alamomin taurin kai guda takwas, ana neman huɗu da suka kai wata shida, kuma faɗa da 'yan uwa na ciki ɗaya kaɗai bai isa ba. Masu suka na cewa har yanzu ana iya liƙa sunan ga yaron da tsoro ko cin zali ya sa shi bijirewa, tunda babba ne ke kai ƙara. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a Janairun 2022 ya bambanta mai taurin kai da ke fama da fushi kullum da wanda ba ya yi, bayan bincike ya nuna cewa mai yawan fushin, idan ya girma, baƙin ciki mai tsanani da fargaba ne suka fi bibiyarsa.