Zaɓen ɗaki a jirgin ruwa da maganin jirin teku

Jirin teku rikici ne tsakanin ido da kunne. A can cikin kunne akwai wani ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki na motsi, alhali ido na ganin bangon ɗaki tsaye cak. Daga nan sai hamma, miyau ya cika baki, gumi mai sanyi ya karyo, sai amai. Ya fi kama yara masu shekara 2 zuwa 12, da masu juna biyu, da masu ciwon kai na ɓari guda.

Rigakafin yana farawa tun wajen sayen tikiti. Ko jirgin shaƙatawa za ku shiga a Bahar Rum, ko mai ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda, ku nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa. Goshin jirgi ne ya fi tashi da faɗuwa in igiyar ruwa ta buge shi, benayen sama kuma sun fi tangaɗi, duk da sun fi tsada. In da hali, a samu mai taga. Kallon inda sama ta haɗu da ruwa yana sasanta ido da kunne. Ƙarshen jirgi kuwa akwai rawar inji, wani lokaci har warin mai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jiran amai kafin a sha magani, lokacin ciki ba ya riƙe ƙwaya. Babba ya sha cinnarizine miligiram 30 awa 2 kafin tashi, sannan miligiram 15 duk bayan awa 8. Akwai filastar hyoscine da ake mannawa bayan kunne awa 5 zuwa 6 kafin tafiya, tana aiki awa 72. A wanke hannu bayan manna ta, don in ta taɓa ido gani zai dushe. Mai hawan jinin ido, da dattijon da fitsari ke masa wuyar fita, kada su yi amfani da ita sai da izinin likita. Haka mai ciki da ƙaramin yaro. Magungunan nan suna sa barci.

A ci abinci kaɗan-kaɗan marar maiƙo, kada a bar ciki wayam. Shayin citta yana taimaka wa wasu. A ajiye waya da littafi, a fita shan iska, ko a kwanta rigingine a rufe ido.

Yawanci jiki kan saba cikin kwana 2 zuwa 3. Amma in amai ya ƙi tsayawa, fitsari ya ragu, a riƙa kurɓar ruwan gishiri da sukari, a garzaya ɗakin shan magani na jirgin, musamman mai ciwon sukari.